Tatsuniyar Inna a Bakin Teku

A Kwatano aka raba ni da jakata, kwana huɗu da barina gida. Ba tufafin ciki ne suka dame ni ba, riguna biyu ne da bargo. Wayata ce a ciki, a cikin wayar kuma akwai hoto guda ɗaya tak na ɗiyata ta fari, wadda ta rasu ba ta cika shekara shida ba, a shekarar da dalma ta ci yara a garuruwanmu. Ƙanena Sani ne ya ɗauke ta ranar ƙaramar salla, ta motsa kai, hoton ya fito dishi-dishi. Duk da haka fuskarta ce, kuma ba ni da wata.

Mutumin da ya karɓi jakar da Hausa ya tare ni a tasha.

"Sannu da hanya, ɗan'uwa. Daga ina?"

"Daga Tungar Guru, ƙasar Bukkuyum."

"Allahu akbar! Ai kakata 'yar can wajen ce."

Ni da nake komawa sau uku in duba ko na rufe ƙofa, wannan magana ɗaya ta kwance ni. Ya ce akwai aikin dako a tashar jiragen ruwa, in je in yi azahar tukuna, shi zai riƙe mini kaya. Har haƙuri na ba shi don wahalar da na ɗora masa. Da na sallame na fito, babu shi babu jaka. Na zauna a wurin har la'asar ina cewa ƙila wata lalura ce ta kama shi, kada ya dawo ya tarar ba ni, in zama na zargi bawan Allah a banza.

Gara in faɗi abin da ya fitar da ni daga gida, kada a ɗauka neman abin duniya ne kawai. Ni manomi ne, ɗan manomi, karatuna allo ne da firamare. Da zinariya ta bayyana a dajinmu na bi mutane. Muna ɗauko duwatsu a buhu mu kawo cikin gida, mata su daka a turmin da ake daka hatsi, yara suna wasa a cikin ƙurar. Ba wanda ya san akwai dalma a ciki. Da yarinyar ta fara jijjiga muka kai ta asibiti, likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, kwana ya ƙare. Ba wanda ya buɗe baki ya ɗora mini laifi. Amma uwarta, Rabi, ta daina haɗa ido da ni, in ta kawo tuwo sai ta ajiye tana kallon bango, ni kuwa na san kafaɗar da ta ɗauko buhun. Damina ɗaya na yi ina kewaye turmin nan kamar da maciji a ciki. Da aka yi girbi na fita.

Akwai kuma wani abu da sai ɗan gida zai gane. 'Yar fari ce. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya zura masa ido. "Ke" nake ce mata, in ta yi nisa in ce "Ke yarinya." Ni ma haka na tashi. Sunana Lawali, ni ne na farin Inna, kuma tun da nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, "Kai wanga" take ce mini. Ban taɓa ganin aibun haka ba, kunya ce, tarbiyya ce. Sai dai ya sa na fi sanin bayan ɗiyata da gabanta. In ta juya baya sai in ƙare mata kallo: ƙeyarta, 'yan kitsonta biyu da ba su taɓa kwanciya ba, yadda take jefa ƙafar hagu. Fuskar kuwa a sace nake ganinta. Da wayar ta tafi, sai fuskar ta fara bin ta a hankali. Tsoron da na yi yawo da shi ƙasa uku ke nan: ranar da zan rufe ido in neme ta in rasa.

Lambar Sani tana nan, don tun a gida na rubuta ta da biro a cikin hulata. Amma ban kira ba. In ce me? Na ɗauko abin da ya kashe ta, na kuma miƙa hotonta ga ɓarawo da hannuna? Kullum sai in ce bari sai na samu abin faɗa.

Wani direban babbar mota, mutumin Gaya, ya ɗauke ni zuwa Lome a kan buhunan albasa, bai karɓi komai ba. A hanyar nan na fara ganin teku. Ni da na ɗauka gulbin Gummi in ya kawo da damina shi ne ƙarshen ruwa, sai ga ruwa ba tsallake, yana tasowa yana faɗuwa, ba hadari ba iska. Na juya masa baya har muka isa.

Wata bakwai na yi a Lome ina dako a kasuwa. Yunwar da na sha a makon farko ni na jawo wa kaina. Duk abincin da na kalla sai zuciyata ta ce, wa ya yanka? Da wane mai aka soya? Burodi da ruwa na yi ta ci har jiri ya fara ɗibana. Wata dattijuwa Bazabarma mai koko a ƙofar masallaci ta lura da ni. Rannan ta miƙo mini kofi da ƙosai huɗu.

"Ungo. Wake ne, ba a yanka shi."

Na ce yau ba ni da abin biya.

"Na tambaye ka? Sha ka ba ni kofina."

Ta ce tana da ɗa a Libiya, ƙila shi ma wata ta ba shi koko a can. Har yau ban san sunanta ba. "Mai kokon Lome" nake cewa in ina yi mata addu'a, na san Allah ya gane wadda nake nufi.

A can kullum kasuwa ce, ba ranar da ta fi wata. Sai in riƙa tuna kasuwar Nasarawa Burkullu, yadda tun hantsi ake jin kukan jakuna, matan Fulani sun jera ƙore, a dama maka fura a gabanka da nono mai sanyi, ka sayi hoce, gurasar dawa ta wajenmu, ka ƙulle ka kai gida. Yarinyar takan tare ni a ƙofa. Ba na miƙa mata a hannu. Sai in ajiye ƙullin a bakin rumbu in wuce, in ji ta a bayana tana kwancewa.

Daga Lome na tsallaka Gana. Ankara ba ta karɓe ni ba, kwana goma sha ɗaya na yi a tasha, hayaniya ta sa mini ciwon kai. Wani mai wankin takalma ya ce in tafi Winiba, garin masunta ne, kullum ana neman hannun jan taru, kuma akwai zangon Hausawa da masallaci. Limamin zangon ya ba ni gefen zaure. Jan taru kuwa doguwar igiya ce, mutane su jeru a rairayi suna ja suna waƙa, in an fito da shi a ba ka kifi ka je ka sayar. Na zaɓi ƙarshen igiya, can nesa da ruwa, har masunta suka san wurina ne, ba mai tsaya mini a ciki.

Wata safiya na iso bakin teku da wuri, sai na ga wani tsoho mai furfura ya tuɓe riga ya ninke, ya ɗora tabarau a kanta, ya ajiye wani ɗan akwatin ƙarfe, ya nufi ruwa da gajeren wando. Ba jirgi, ba taru. Ya shiga, ya ƙara shiga, igiyar ruwa ta rufe shi, kansa ya ɓullo can gaba kamar ƙwallon goruba. Na ce innalillahi, tsohon nan ya gaji da duniya. Na ruga wajen masunta ina ihu ina nuna ruwa, na kama hannun wani ƙato ina ja. Suka duba, suka dubi juna, suka fashe da dariya har wani ya zauna a ƙasa.

Da tsohon ya fito aka ba shi labari da yarensu. Ya sa tabarau ya dube ni sama da ƙasa, sai na ji Hausa. Ta bariki ce, ubansa ɗan sanda ne, cikin 'yan Arewa ya girma. A karkace take, amma a nan zan miƙe ta.

"Kai ne ka ce na mutu?"

"Baba, yi haƙuri, na ɗauka..."

"Shekara arba'in ina shiga ruwan nan, matata ma ta daina tsoro. Yau na samu sabuwar uwa."

Sunansa Kobina, amma kowa Ticha yake ce masa, don zane ya koyar a makaranta har ya yi ritaya. Daga ranar ya sa mini Sarkin Tsoro, ya kuma ba ni aikin da ban nema ba, riƙe masa tabarau da akwati in ya shiga ruwa. Ya ce bai taɓa ganin mai gadin tabarau da hannu biyu ba sai ni. Ina tsaye ina karanta duk addu'ar da na sani har ya fito, yana fitowa ya ce, "Sarkin Tsoro, yau ma ban mutu ba, yi haƙuri."

A cikin akwatin akwai fenti 'yan ƙanana kamar ƙwayar alewa, da buroshi, da kwalbar ruwan daɗi. Jikinsa bai gama bushewa ba zai zauna a gindin kwakwa, ya jiƙa takarda mai kauri, ya ɗiga launi, launin ya yi ta tafiya da kansa. Ya ce sai ya shiga teku yake sanin launinsa na ranar, daga tudu ƙarya ido ke yi. Ba shi da farin fenti. Duk inda yake son fari, ko inda bai san abin da zai sa ba, sai ya kewaye wurin ya bar takarda yadda take. Kuma in an yi kuskure ba a gogewa. Wannan ya tayar mini da hankali ƙwarai.

"To in hannu ya goce fa, Ticha?"

"Sai ka zauna da shi."

Ranar Talata masuntan garin ba sa shiga teku, al'adarsu ce, sai gyaran taru a inuwa. Ranar ce Ticha ke bin tsofaffinsu yana tatsar labaran da: kifin da ya nuna wa kakanninsu hanya, dutsen da ke kuka in jirgi zai kife, matar da ke ajiye wa masunta abin da ruwa ya ci. Kowane labari ya yi masa zane. Ya ce tara su yake yi don nunin da zai shirya a ɗakin taron tsohuwar makarantarsa, kafin ido ya ƙare.

Wata Talata ya juyo kaina.

"Ku fa? Ba ruwa a ƙasarku, ba labari?"

Abin ya sosa ni. Na ce muna da gulbi, muna da 'yan ruwa, kuma Innata 'yar Gummi ce, duk tsofaffin nan ba mai kama ƙafarta a tatsuniya.

"To bismilla."

"Rana ce, Ticha. Ba a tatsuniya da rana, mutum ɓacewa yake yi."

"Kai da ka riga ka ɓace?"

Na ce to sai an ɗaure gizo tukuna. Na tsinko ganyen kwakwa siriri na ƙulla, na soke a jikin jirgin da muke jingine. Ba ni na saba yin ƙullin nan ba, yarinyar ce. Ita ba ta iya jiran dare, tun magariba barci ke sace ta. Saboda haka da hantsi take tsare Inna, ta zaro tsinke ta ƙulla, ta ce, "Na ɗaure shi, Inna, hwaɗi." Ni kuma in na dawo daga gona shan ruwa sai in laɓe a bayan zanar ɗakin Inna kamar ina gyaran ƙotar fartanya, ina leƙen bayanta ta wata 'yar kafa.

Na ba shi tatsuniyar yadda na ji ta. Wata yarinya ta je wanke ƙwarya a gulbi, ruwa ya fizge ƙwaryar, ta bi ta. Ruwa a gwiwa, ruwa a ƙugu, ruwa a wuya, har ta isa garin 'yan ruwa, inda ake shuka gero da safe a yanke da yamma, kifaye ne ke kiwon shanu. Suka karɓe ta, suka yi mata kitso, suka ce ba ta komawa.

"Sai me?"

"Iyakar abin da na sani ke nan."

"Kamar yaya?"

Na gaya masa gaskiya. Kullum in an kawo nan sai in bar wurin, kada a tashi a gan ni, uba guda a laɓe yana sauraren tatsuniyar 'yar fari. Ya ce wace yarinya? Ni kuwa da ban faɗa wa kowa ba tun Kwatano, sai na faɗa masa duka, har buhun. Bai yi mini wa'azi ba. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Zan zana ta."

Nan wani sabon waswasi ya tashi. Zanen mai rai! Na kai wa liman maganar, na faɗa, na sake faɗa, na ƙara da abin da na manta. Ya ce in ba a fitar da fuska ba shi bai ga abin tayar da hankali ba. Sannan ya ce, "Lawali, kai ko ruwan sama aka ba ka sai ka tambayi wa ya ɗebo."

Fuska kuwa ashe dama babu. Ticha ya zauna da buroshi ya ce in faɗi idonta, in faɗi hancinta. Na rufe ido na nema. Na ce goshinta irin na uwarta ne, ina jin, ko kuwa na Inna. Abin da nake gudu tun Kwatano ya cim mini a gindin kwakwa, da rana tsaka.

"Bar shi," in ji Ticha. "Faɗi abin da ka sani."

Sai bakina ya buɗe. Kitso biyu a miƙe. Ɗan zane shuɗi ɗaure a wuya. Tabon ƙuna a bayan hannun dama. Kafaɗar hagu ta ɗan fi ta dama tashi. Yana ji yana aiki, har ga ta nan ta ba mu baya, ruwa a ƙugu, ƙwarya tana gaba. Amma gulbin shuɗi ya yi shi.

"Ticha, ba haka gulbinmu yake ba. Namu kamar shayi da madara yake."

"Ruwa ba ya zama haka."

"Namu haka yake."

Takarda uku ya ɓata yana tsaki kafin ya samo launin. Da ya samo, sai da na ji ƙanshin laka. Can sama ya bar jan ruwan ya narke cikin shuɗin teku. Ya ce, "Ruwan garinku ma nan yake ƙarewa, ta kogin Kwara. Kullum da safe da shi nake wanka." Kusurwa ɗaya ta ƙasa kuma ya bar ta fara.

"Sunanta?"

"Ba na faɗa."

"Ko bayan ta rasu?"

"Ko bayan ta rasu."

Ya girgiza kai.

Da nunin ya matso sai Ticha ya fito da nasa sharaɗin. Kowane zane akwai kati a ƙarƙashinsa da labarinsa. "Ba na rataya labari ba wutsiya," in ji shi. "Kira Innarka ka tambaye ta ƙarshen." Mako guda ina kawo dalili: ba sabis a garinmu, ƙila Sani ya canza lamba. Dalilin gaskiya ban faɗa ba. Shekara biyu ke nan, in na kira aka ce Inna ba ta fa? Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na biya ta gidan Ticha, sai ya sa hannu ya cire hular daga kaina, ya karanta lambar da ta fara gogewa don zufa, ya danna a wayarsa, ya manna mini a kunne.

"Wa ka magana?"

"Ni ne."

Sai Sani ya ce, "Yaya? Yaya Lawali? Kana da rai?" Na ji gudu, na ji kaji sun watse, na ji yana kiran Inna tun daga ƙofar gida.

"Kai wanga," in ji Inna. "Ina kake?"

"Gana, Inna."

"Gana. To. Kana cin abinci?"

Na gaishe ta, na tambayi Rabi. Ta ce tana nan, ta ƙi tafiya gidansu, ta ce ba wanda ya sake ta. Ticha yana gabana yana yi mini alama da hannu. Na ce, "Inna, tatsuniyar nan ta mai ƙwarya, yaya ta ƙare?"

"Shekara biyu ba ka kira ba sai don tatsuniya? Da rana tsaka?"

"Na ɗaure shi, Inna."

Ta yi dariya, sai kuma muryar ta sauya.

"Ba ta da ƙarshe. Haka nij ji ta ga kakata. Ɗiyarka ita ka ƙarasa ta, kullum da irin nata. Wata rana ta ce wani kada na gulbin ya kawo ta gida bisa bayanshi. Wata rana ta ce ta zamna can, tunda suna da kihi. Amma wanda ta hi so, babanta ya zo bakin gulbi ya kira ta, ta hito. Da ƙarhi take hwaɗin shi don ka jiya, kai ko ka riga ka tahi."

"Ta san ina wurin?"

"Zanar ba ta kai ƙasa ba, wanga. Ƙahwahunka muke kallo. Da ta hange su sai ta taɓa ni, ta ce in koma hwarko. Ni nac ce ta riƙa ba ka baya, kada ka ji kunya ka gudu."

Na zauna a ƙasa da wayar a kunne.

"Kana ji na?"

"Ina ji, Inna."

"Lawali."

Shekara talatin da wani abu, ranar na fara jin yadda sunana yake a bakinta.

"Lawali, ruwa sun kusa. Taho gida."

Da muka gama na gaya wa Ticha abin da Inna ta ce. Ya shiga ɗaki ya ɗauko zanen, ya dubi farar kusurwar nan. Ya ce, "Cire takalmi." Ya zana zana wadda ba ta kai ƙasa ba, a ƙarƙashinta ƙafafu biyu, har da fason diddigena.

Ranar nunin an ture bencina gefe, an rataya zanuka a bango kewaye da ɗakin. Masunta suka zo da wankakkun zannuwansu suna neman labaransu, har biyu suka kusa faɗa a kan jirgin kakan wa aka zana. Duk ɗakin shuɗi ne da kore, nawa kaɗai ne mai jan ruwa. Na tsaya kusa da shi ina fargabar kada wani ya taɓa da hannun kifi. Katin yana da labari har ƙarshensa, amma saman katin, wurin suna, babu komai.

Wata tsohuwa mai sayar da banda ta daɗe a gabansa. Aka karanta mata katin da yarensu. Ta nuna kusurwar da leɓe ta yi magana, mutane suka juyo.

"Me ta ce, Ticha?"

"Ta ce mai ƙafafun nan, me yake jira?"

Na dubi ƙeyar nan da kitso biyu. Na ce, "Saratu." Bai fito sosai ba. Na sake, da irin muryar da ake kiran wanda ke tsallaken gulbi. Ba wanda ya san na yi wani abu a ɗakin, sai Ticha. Ya miƙo mini biro, na rubuta a katin da hannuna na ɗan firamare, harafi ɗaya ya fi sauran girma, ba damar gogewa.

Da aka tashi nunin ya cire zanen ya ba ni a tsakanin kwali biyu. Ban sa shi a jaka ba. A ƙirji na rungume shi na tsallaka iyaka uku, ko alwala zan yi sai in jingine shi inda nake ganinsa. Har yau in gari ya waye nakan ce ko tsohon nan ya fito daga ruwa, ko wa ke riƙe masa tabarau, da hannu nawa.

Na iso gida ana sharar gona. An tone ƙasar tsakar gidan saboda dalmar an zuba sabuwa, tsohon turmin ma babu. Da mutane suka watse na shiga ɗakin Rabi na buɗe kwalin. Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa kusa da kitson, ba ta taɓa ba.

"Ni nay yi mata shi," ta ce. "Mi ya sa ta ba da baya?"

Na ce haka na fi saninta. Na ce fuskar ta ɓace mini, na neme ta har bakin teku ban samu ba, kuma hoton ma ni na yar.

Sai Rabi ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, karo na farko tun ranar da muka dawo daga asibiti.

"Kai ad da huskar tata," ta ce. "Ido, hanci, har yadda kuke tattare goshi. Don mi kake tsammani nik kasa kallonka?"

Zanen yana cikin akwatinta, ƙarƙashin zannuwan biki, sai damina ta wuce muke fito da shi ya sha iska. Ni kuwa ban taɓa zama mai duba madubi ba. Amma yanzu in na sunkuya ɗiban ruwa a randa, nakan dakata kaɗan kafin in tsoma moɗa.